Salular da Ba Ta San Kunya Ba

Saliha ta Cadawa ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari ba. Tun ranar da aka yanka mashi rago, "wancan" take cewa. Haka ta ga uwarta na yi, haka kakarta, kuma ba wanda ya taɓa ce mata ta kauce hanya. Ɗan kuwa ya daɗe a arewa, wajen haƙar zinariya a Jado.

Da bazara 'yarta Munira ta zo daga Maraɗi da wata salula. A buron da take aiki ana gwajin sabon tsarin sarrafa salula da kwamfuta, wanda ba ruwansa da karatu ko latsa lamba. Magana za ka yi da Hausa, ya aikata. Ga mace irin Saliha, wadda ido ya fara gajiya kuma ba ta taɓa taka lakol ba, wato makarantar boko, ai faɗuwa ta zo daidai da zama.

"Inna, cewa za ki yi 'kira Munira', sai ki ji ni. In Yaya kike so, sai ki faɗi sunanshi."

Saliha ta galla mata harara. "Ke dai ba ki da ta ido. A bakin nawa?"

Munira ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce ai abin da ya kawo ta ke nan, an aiko su su ji me mutane ke so a ƙara. Wani makiyayi ya ce a sa ta jin Fillanci, wani manomi ya ce da ido yake son juya ta in hannunsa na kan hauya. "Ke fa, Inna?"

"A yi wadda ta san kunya. In na ce 'kira shi', ta gane wa nake nufi."

Munira ta ce za ta kai saƙon, amma tsarin yanzu sunan yanka kaɗai ya sani, sai a jira fitowa ta gaba.

Damina ta kankama, sai wani direba da ya sauko daga arewa ya faɗa a kasuwa cewa ya baro ɗan Saliha kwance, yana tari har da jini. A bakin maƙwabciya ta ji. Ta ce "Allah ya sawwaƙe," ta ci gaba da tankaɗe, kamar akuyar wani aka ce ta ɓata. To wa za ta tunkara? Uwa ta tsaya ƙofar gidan mutane tana cigiyar ɗan fari? Ta kira Munira, suka yi zancen ruwa da gero da wake, maganar na kan harshenta, ta haɗiye ta yi sallama. Ta ce wa salular "kira shi". Ta ce "kira wancan". Ta ce "kira yayan Munira". Kowane karo muryar salular mai sanyi sai ta ce, "Ban gane ba. Faɗi suna." Abin haushi, ga ladabi kamar gaske amma babu hankali ko kaɗan.

Haka kwanaki suka yi ta shuɗewa, tuwo ya daina shiga. Wata rana da hantsi, bayan gida ya watse gona, ta shiga ɗaki ta saki labule, ta zauna bakin gado. Ta buɗe baki, sunan ya fito ƙasa-ƙasa, a karkace, don harshen bai san hanyarsa ba.

"Ban ji ba. Sake faɗa."

Ta sake. Bai wadatar ba. Sai ta ɗaga murya, yadda za ta ƙwala mashi kira daga bakin garka yana yaro, da an bar ta.

"Kira Musbahu!"

Kiran ya shiga. Wata baƙuwar murya ta ɗauka, iska na yanke maganar. Mutumin ya ce shi abokin raminsa ne, ya tambayi wa ke magana.

"Uwarshi ce."

Sai mutumin ya ce:

"Inna, sai haƙuri. Shekaranjiya muka kai shi makwancinshi. Ya hana mu kiran ki, don kada ki ji tarin. Ya ce ke ma ba za ki kira ba, kunya ba za ta bar ki ba, amma dai a bar mashi salular kusa da kai."

Saliha ta kife salularta a kan gado. Hawaye ma ya ƙi zuwa. Bakinta dai ya ƙi rufuwa. Musbahu, Musbahu, take ta faɗa, yanzu yana fitowa da sauƙi, kuma babu mai amsawa.