Motar Kawu a Bakin Tafki

Kawu ya iso tashar lantarki da rana tsaka, wai ya zo ganin inda ɗan ƙanwarsa Dogo yake aiki. Tun daga taga Dogo ya hango inda ya ajiye tsohuwar motarsa, can ƙasa a wani fili bakin tafki, sai ya dafe kai.

"Kawu, don Allah ka ɗauke ta daga can. Wurin ruwa ne."

"Wane ruwa? Fili a bushe ƙayau?"

Dogo ya ja shi ɗakin inji ya yi masa bayani. Tafki biyu ne, ɗaya a kan dutse, ɗaya a gindinsa. Bututu ya haɗa su, a tsakiya kuma akwai wata ƙatuwar farfela. Da rana wutar sola takan yi wa gari yawa, sai a ba injin rarar, ya juya farfelar ta tura ruwa sama. Shi ya sa tafkin ƙasa ya janye. Da yamma, in kowa ya kunna kayansa, sai a saki ruwan ya gangaro, ya murza farfelar ta ɗaya ɓangaren, injin da ya sha wuta ɗazu ya koma ba da ita.

Kawu ya yi dariya har da tari. "Wato ku hau da ruwa, ku sauko da shi, shi ne aikin? Uwarka tana can tana cika baki wai kai injiniya ne!"

Ya ce sai ya ga tafkin saman da idonsa. Ya kama hanyar dutse a ƙafa, makullin mota a aljihu.

Bayan la'asar aka bugo waya a fara ba da wuta. Dogo ya kira Kawu har ya gaji, ba a ɗauka ba. Ashe wayar na cikin motar. Ya roƙi shugaban aiki ya ɗan jinkirta.

"In bar gari ba wuta saboda akwalar kawunka? Danna, malam!"

Dogo ya danna maɓallin sakin ruwa. Ƙasa ta ɗauki rugugi. Ya bar wa abokin aikinsa kujera ya gangara a guje. Shi da mai gadi suka yi ta turi, amma motar na cikin giya, tayoyin kuma sun fara nutsewa a laka.

Ko da Kawu ya sauko yana haki, ruwa ya kai murfin ƙofa.

"Kai, ɗan nan! Tsayuwa ka yi? Je ka juya abin naka ya mayar da shi sama!"

"Sai gobe da rana, Kawu."

"Gobe?" Ya dubi motar, ya dubi Dogo da wandonsa sharkaf. Ya yi tsaki. "To mu je gidanka. Kuma ka sani, bayana ba ya son tabarma."

Gado ɗaya ne a ɗakin Dogo.