Tafkin da Baba Ya Ce Yana Sonta

"Tun ɗazu kike cewa saura kaɗan," in ji Mama. "Ko kaɗan ɗin naki ma gangarawa yake yi?"

"Mama, ki dubi kyan wurin nan mana."

"Ƙafata nake dubawa."

Ni na jawo ta cikin wannan kwazazzabo na tsakiyar hamada, kuma da manufa. Bayan rasuwar Baba da 'yan shekaru, wani tela mai sanƙo ya fara zarya gidanmu, Mama kuma ta fara fesa turare da rana tsaka. Na ce a raina, bari in kai ta tafkin da Baba ya fara cewa yana sonta, wanda ya sha ba mu labarinsa: ruwa garau, tsuntsaye na rera waƙa. Tana gani zuciyarta za ta karye, tela ya koma kan keken ɗinkinsa. Telan ne ma ya kawo mu a motarsa, muka bar shi a sama, don gwiwoyinsa ba sa shiri da gangara.

Hanyar siririya ce, tsakuwa na zamewa, rana na dukan ƙeya. Mama ta riƙe gyalena ta baya kamar linzami, duk inda ta yi tuntuɓe ni ake shaƙewa.

Da ƙyar muka isa. Tafkin bai fi faɗin tabarma ba, kore shar, kashin awaki ya kewaye shi. Tsuntsu ɗaya ne a wurin, shi ma ungulu.

Na nemi hawayen da na tanada, suka ƙi zuwa.

"A nan ya riƙe hannunki?"

"Wa? Babanki, Allah ya jiƙansa, bai sauko ba. Daga can sama ya ƙwala min 'ina sonki', duwatsu suka maimaita. Ni kaɗai na gangaro. Labarin tafkin a bakina ya ji, tsuntsayen ne nasa."

Sai ga tsakuwa ta zubo mana. Muka ɗaga kai. Tela ne yake saukowa a zaune, yana jan gindi daga dutse zuwa dutse, sanƙonsa na ƙyalli, wandonsa ya yage har cinya. Hannu ɗaya ya ɗaga sama da wata 'yar leda.

"Maganin hawan jininki," ya ce yana haki. "A mota kika manta."

"Tela guda da yagaggen wando," in ji Mama. Ta ciro kwalbar ruwanmu, wadda ta hana ni sha tun a hanya, ta miƙa masa.

Hawayen da suka ƙi zuwa ɗazu suka zo, ba a gayyace su ba.

Mama ta kakkaɓe zanenta, ta dubi bakin kwazazzabon, ta ɗaga murya yadda duwatsu za su ji.

"Zan aure shi. Ke kuma, tunda ke kika kawo mu, ke za ki tura shi sama."