Bature Gozaki Mutum Tara

Shawarar Amos ce, kuma har gobe ba ya musu. A shekarar 1988 kamfanin irin audugar da yake wa aiki yana da kwamfuta uku: ɗaya a Malumfashi, ɗaya a Danja, ɗaya a Funtua, kowace da janaretonta da mai kula da ita. Yau wannan ta lalace, gobe man waccan ya ƙare, Amos ne kullum bisa babur yana zarya. Da ya gaji sai ya ce wa manaja, Mista Oluwole, a tattara sunayen manoma duka a zuba cikin ta Funtua, kowa ya huta.

Aka yi haka. Na'urar kuwa tana da wani iyayi: in ta ga suna ya zo sau biyu, sai ta ɗauka kuskure ne, ta bar ɗaya. Sunaye dubu huɗu suka dawo dubu biyu da ɗari shida. Manaja ya yi ta yabon Amos, wai ya kama masu karɓar iri sau biyu. Amos har tafiyarsa sai da ta canza. Aka sayar da sauran na'urorin, tsofaffin katunan manoma kuma aka ba Inno mai ƙosai tana ƙunshi da su.

Abin da ya manta, shi da aka haifa a Gozaki, shi ne a wajensu in za a rubuta mutum a takarda, sunan garinsu ake liƙawa bayan nasa. Tsohon akawun Malumfashi da fuska yake bambance masu suna ɗaya.

Ranar rabon iri ruwa ya riga ya sauka, kowa na ɗokin shuka. Amos ya tsaya bakin sito da takarda, ya ɗaga murya:

"Bature Gozaki!"

Mutum tara suka miƙe.

Ya dubi takarda: buhu ɗaya. Ya sake dubawa. Iri daidai da sunayen na'ura aka kawo, babu ko tsaba ɗaya ƙari, kuma wata motar irin ba za ta zo ba sai lokacin shuka ya wuce. Lambar gonar da na'urar ta bari a gaban sunan ta Baturen bakin rafi ce. Na ƙarshe a cikin mutum taran kuwa, riƙe da igiyar jaki, mahaifinsa ne.

"Amos, duba dai da kyau," in ji tsohon. "Shekara ashirin ina karɓa."

"Baba, na'urar ce ta..."

Tsohon ya dube shi da mamaki.

"Wata guda ina cika Gozaki da labarin ɗana ya kama ɓarayin iri," ya ce. "Ashe ina cikinsu."

Ya juya, ya ja jakinsa babu kaya, ya kama hanyar gida.