Jinin Jannatu a Gindin Darbejiya

"Ka binne su? Kawu, ka ce ka binne su?"

"To a miya kike so in zuba?" Kawu Gado bai ɗago daga cinyar bijimin da yake daddatsawa ba. "Jinin ɗan Adam a frigon naman da musulmi za su ci! Ke da karatunki, Hamdiyya."

Ta dafa teburin shagon, hayaniyar kasuwar Dembe na yi mata nisa a kunne. Injin sanyin labo ɗinsu, ɗakin gwajin jini, ne ya mutu shekaranjiya, shi ya sa ta kawo akwatin kwalaben nan ajiya a frigonsa, injin sanyin shagon. Ba ta faɗa masa abin da ke ciki ba, don ta san halinsa. Jinin matan unguwar Digel ne masu lupus, cutar da garkuwar jiki ke juyawa ta cinye mai ita. Gida-gida ta bi tana roƙo, ana kiranta mayyar asibiti, don a gano ƙwayar halittar da ke sa jiki ya manta kansa.

Kwalba ɗaya kuwa ta Jannatu ce, 'yar Kawu. Ita ta miƙo hannu da kanta, gaɓoɓi a kumbure, kumatu sun yi tabo kamar fiffiken malam buɗe littafi, tana dariya: "Ɗiba da yawa, 'yar boko, ni dai ya ƙi ni." Bara aka kai ta makwanci.

"Na ga sunanta a jiki," in ji Kawu, murya ta yi ƙasa. "An rufe min yarinya, ashe saura na yawo a kwalba. Na haɗa da na sauran, na naɗe a farin ƙyalle, na sa a gindin darbejiyar can. Kalas, shi ke nan. Ta huta."

Hamdiyya ta dubi bishiyar. Ƙasar wurin a jiƙe, har ruwa ya yayyafa. Ta so ta tsane shi, abin ya gagara, kuma wannan ya fi ci mata rai. Na sauran matan za a iya sake roƙa. Na Jannatu ya tafi.

Amma rabin ƙwayoyin halittar Jannatu daga ubanta ta gada, ga shi kuwa tsaye a gabanta, riƙe da wuƙa.

Ta share ido da gefen mayafi.

"Gobe zan dawo da allura, Kawu. Digel zan sake bi ƙofa-ƙofa, su zage ni son ransu. Amma da hannunka zan fara."