Ƙarshen Fim ɗin Baba Jimoh

"Ba zan kashe ba," na ce.

Yaya Quadri yana tsaye a bakin ƙofar ɗakin mahaifinsa, hannunsa riƙe da labule. Jiya-jiyan nan ya iso daga Ilori.

"Raudatu, ba shawara nake ba ki ba. Rufe kwamfutar nan. Likita ya ce kwanaki suka rage wa Baba, ke kuma kin zo kin ɗora masa kaɗe-kaɗen Turawa a ƙirji?"

"Ba a ƙirjinsa take ba, Yaya, a kan kujera take."

Iya, matar Baba Jimoh, tana zaune a ƙasa kusa da gado tana jan carbi. Ba ta ɗago ba. Baba kuwa an jingina shi da matasai, ƙafafunsa sun kumbura har fatar tana sheƙi, ɗakin duk warin man zafi. Idanunsa suna kan kwamfutar. A cikinta wani kaboyi, makiyayin Turawa, mai farar malafa yana kan doki, ya rataya jita a wuya, yana bin sawun shanun da aka sace.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu a Funtua. Na tashi na san Baba Jimoh da shagon kayan keke, amma kafin nan, tun yana saurayi sabon zuwa daga Offa, shi ne mai tsaron ƙofar gidan siliman da yanzu ya koma siton masara. Shi ya fara saya mini ƙamus lokacin da na shiga sakandare. Ranar da na gama digiri a Zariya na dawo, shi ya fara kirana Malama, tun kafin a ɗauke ni koyarwa.

A bakin shagonsa na ji labarin finafinan kaboyi masu waƙa. Ya ce manoma daga Bakori da Dayi har da Malumfashi sukan zo a kan keke bayan an sayar da auduga, su cika benci. Babu mai jin Turanci a cikinsu, kuma babu wanda ya taɓa neman a fassara masa.

"Me za a fassara?" in ji shi. "Mutum ne da shanunsa, ɓarayi sun kora, ga rigimar mashaya. Wanne ne ba su sani ba? Abin da ke kashe su, mutumin sai ya yi waƙa tukuna kafin ya yi faɗa. Shanu su firgita, ya yi musu waƙa su kwanta. Wani Bafulatani ya taɓa miƙewa tsakiyar fim ya ce, wallahi wannan namu ne, farin ne kawai ya yi masa yawa."

In ɓarawo ya lallaɓo ta baya, silima duka sai ta ɗauka: "Bayanka! Bayanka, Mai Malafa!" Ya waiwaya kuwa, sai a yi ta tafi, kowa yana ganin shi ya cece shi.

Amma akwai ƙa'idar aikin Baba. Ƙofar silimar babba ce mai murfi biyu, ta ƙarfe, kuma ba ta tsayawa a buɗe sai an tokare ta. In aka bari fim ya ƙare tana rufe, mutane za su danne juna. Don haka da zarar an fara faɗan ƙarshe, sai ya fita ya buɗe, ya tokare murfi ɗaya da dutse, ɗayan da bayansa, fuskarsa tana kallon titi. Daga can yake jin waƙar ƙarshe. Akwai fim guda da aka yi ta maimaitawa saboda jama'a na sonsa. Baba ya haddace waƙarsa ta ƙarshe tsaf, yana rera ta yana ɗaure spokar ƙafar keke, amma bai taɓa ganin abin da Mai Malafa yake yi lokacin da yake rera ta ba.

"Ba ka tambayi kowa ba?" na ce masa.

"Na tambaya. Wani ya ce aure ya yi. Wani ya ce tafiyarsa ya yi. Kin san mutanenmu, rabinsu sun miƙe suna neman kekunansu."

Da ciwo ya kwantar da shi a daminar bana, na ɗauki alkawarin nemo fim ɗin. Bai san sunansa ba. Abin da ya riƙe kawai, dokin yana kwance igiya da haƙori, kuma akwai kogi. Na yi ta sauke tsofaffin finafinai marasa launi ina kai masa bayan na taso daga makaranta. Ya duba ya ce, "Wannan hancinsa ya yi tsawo." Ya duba wani ya ce, "Wannan muryar mai tallan kananzir ce." Sai da masara ta bushe a gona muka dace. Ya ji kiɗan farko ya kama hannuna ya matse. Kaɗan-kaɗan muke kallo, don ba ya jure zama. Ranar da Yaya Quadri ya tsaya a ƙofa, faɗan ƙarshe kaɗai ya rage mana.

"Baba," Yaya Quadri ya sassauta murya, "Alƙur'ani ya kamata ka ji yanzu. Me mutane za su ce?"

Ba ƙarya ya faɗa ba, kuma na san tsoro ne ke cinsa. Baba ya juyo da kai a hankali.

"Iya, na yi la'asar?"

"Ka yi," in ji ta.

"Yasin ɗin da Malam Lawal ya karanta da safe, na ji ko ban ji ba?"

"Ka ji. Har ka gyara masa wuri ɗaya."

"To, Quadri. Ubangijina na san shi tun ba a haife ka ba. Ka bar ni da Malama."

Yaya Quadri ya saki labulen ya fita. Ban ɗauka zai tsaya nan ba, bai kuwa tsaya ba. Ba a jima ba na ji muryar Innata ta kan katanga.

"Raudatu! Fito nan!"

"Inna, ina zuwa."

"Yanzu na ce!"

Ban motsa ba. Sai wayata ta yi ƙara. Awaisu ne, wanda aka sa mana rana bayan girbi. Ashe yana zaurenmu ya zo gaishe da Babana, komai a kunnensa aka yi.

"Raudatu, me nake ji haka? Mutum na gargara kina kunna masa waƙa?"

"Ba gargara yake ba, kallo yake."

"Ki fito. Kada ki sa a yi da ni a gari. In har ina da daraja a wurinki, ki fito yanzu."

"Kana da ita. Amma na yi wa tsohon nan alkawari tun kafin ka san da maganar. In an gama zan fito."

"In kin gama kada ki neme ni."

Na kife wayar a kan tabarma. Baba ya dube ni.

"Malama, tafi. Fim ne kawai."

"Baba, ka taɓa barin ƙofar silimar nan ka koma ciki, ko sau ɗaya?"

"Da an mutu."

"To ni ma tawa ƙofar ke nan. Kalli gabanka."

Na ƙara murya kaɗan. Aka yi faɗan a bakin kogi, doki ya kwance igiyar da aka ɗaure ubangidansa da ita, ɓarayi suka watse. Baba yana ɗaga yatsa yana raɗa, "Bayanka, bayanka." Iya ta daina jan carbi ta matso.

"A nan nake fita," in ji shi. Numfashinsa ya yi sama. "Daga nan ban san komai ba."

Kiɗan jita ya tashi. Leɓɓansa suka kama waƙar, kalma bayan kalma, da Turancin da bai san ma'anarsa ba. Shanu suka taho garke guda, suka nufi wani babban shinge na katako. Mai Malafa ya riga su isa. Ya diro daga doki, ya zare sakata, ya tura ƙofar shingen. Iska ta so ta mayar da ita, sai ya jingina bayansa da ita ya tokare, ya gyara jitarsa. A haka ya rera waƙar har ƙarshe, shanu suna wucewa ta gabansa suna shiga gida.

Sai dariya ta ƙwace wa Baba, ta koma tari, Iya ta tallafe shi tana shafa masa baya.

"Iya, kin gani? Ashe shi ma mai ƙofa ne! Shekara da shekaru ina tsaye a waje ina jin haushin aikina, ashe abin da yake yi ke nan a ciki." Ya share ido da bakin zane. "Malama, me yake cewa?"

"Yana cewa ku shiga a hankali, kowa zai samu wuri, ba mai kwana a daji yau."

"Haka nake ce musu. Wallahi haka nake ce musu, sai dai ni nawa fita suke." Ya lumshe ido. "Shanun da aka kora daga ƙauyukanmu, da ma haka suke dawowa. To, rufe. Kira mini Quadri."

Washegari da hantsi Baba ya cika. Kansa yana cinyar Yaya Quadri, kalmar shahada ce ƙarshen abin da ya faɗa, Iya ta shaida, Malam Lawal ya shaida. Amma labarin da ya zaga unguwa daban ne. Aka ce 'yar boko ta sa tsoho ya mutu da kiɗa a kunne. Da na shiga zaman makoki, matan da ke kan tabarma suka janye ƙafafunsu kamar na taka wani abu. Na zauna duk da haka, na gaishe da kowacce da sunanta. Iya ce kaɗai ta jawo ni ta zaunar kusa da ita, ta sa mini goro a tafin hannu.

Ranar addu'ar bakwai da yamma dangin Awaisu suka aiko a karɓi kayansu. Babana bai yi mini faɗa ba, amma har yau gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Iyaye biyu sun cire 'ya'yansu daga ajina. Ina son Awaisu, ban daina ba, kuma na ji an sa masa rana da wata a Musawa. Abin da zaman la'asar ɗin nan ya ci mini ke nan: miji, da fuskar mahaifina, da sunana a unguwa. Ban ba kowa haƙuri ba, don ban ga abin da zan ce na tuba a kansa ba.

Hanyata ta makaranta tana bi ta gaban tsohuwar silima. Yanzu kaka ce, motoci suna sauke masara. Ƙofar ƙarfen tana nan, tsatsa ta cinye gindinta. Murfi ɗaya an tokare shi da dutse, ɗayan kuma da buhu, don babu mai tsayawa.