Motar da Aka Ɓoye a Bayan Sito

A masana'antar nan ba a tayar da sabuwar mota a cikin zauren haɗa motoci. Duk wanda ya yi aikinta, daga mai walda har mai ɗaure noti, sai ya zo ya ɗora tafinsa a jikinta, a tura ta har ta fita ƙofa, sannan direban gwaji ya murɗa makulli. Asalin abin ma abin dariya ne: batirin motarsu ta farko ne ya ƙi, aka tura ta dole. Amma abin ya zauna daram, har da sharaɗinsa: wanda bai sa hannu a aikin mota ba, ba ya sa hannu a turinta.

Inna Kushin ce shugabar masu ɗinkin kujeru. Mace ce mai jiki, mai ciwon gwiwa, kuma bakinta ba ya ajiye magana ta kwana. Ranar da gwamnati ta ce ma'aikatunta za su riƙa sayen motar da aka ƙera a gida, har rawa ta taka tsakanin kekunan ɗinki. Abu ɗaya ya rage: Minista zai zo ya gani da idonsa ko masana'antar ta cancanta.

Suna da abin nunawa kuwa. 'Yar Gida suke ce mata. Gaskiya ba kyakkyawa ba ce. Fentin bonet ya ɗan fi na jiki duhu, ƙofar hagu kuma sai an buga ta sau biyu take kamawa. Amma ƙarfenta a nan aka lanƙwasa, kujerunta a nan aka ɗinka.

Ana saura 'yan kwanaki Minista ya zo, sai ga tirela da rana tsaka ta sauke wata mota fara sol, sai sheƙi take. Daga waje aka kawo ta, a gaban kowa aka ɓamɓare tambarinta aka manna na masana'anta. 'Yar Gida kuwa aka ja ta bayan sito, aka lulluɓe da tamfol kamar wadda ta yi abin kunya.

Ran Inna Kushin ya ɓaci ƙwarai. Ko almakashin hannunta ba ta ajiye ba ta hau bene, ta faɗa ofishin Manaja ba sallama. Manajan ƙanenta ne, uwa ɗaya uba ɗaya, a bayanta ya yi wayo.

"Auta, me idona yake gani?"

"Yaya, don Allah ki rage murya. Nan ofis ne."

"Ofishin me? Na ce me ka sauke mana?"

Ya cire tabarau ya murza ido. "In Minista ya ja ƙofar can ta ƙi rufuwa, shi ke nan, mun rasa komai. A nuna masa wannan yau, gobe mu gyara tamu."

"Kai, raina wa wani hankali! In ya ga wannan ya yaba, irinta zai ce a kawo. Masu kamfani kuma sun ɗanɗana sauƙi. Daga nan sai tirela da manna tambari. Wa zai ƙara neman mai walda? Wa zai nemi matan da ke ƙasa suna taka keke? Yaro ɗaya da kwalbar gam ya ishe ku."

Bai musa ba, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Ya dai ce masu kamfani sun yanke: duk wanda ya kawo cikas ranar, a bakin aikinsa.

"Har ni?"

"Har ke, Yaya."

Ranar ta zo. An raba wa ma'aikata sababbin rigunan aiki, an shimfiɗa jar darduma, 'yan jarida sun kafa kyamarori. Minista ya ji labarin al'adar turi, ta burge shi, ya ce lallai a yi a gabansa. Manaja ya kama makirufo.

"Duk wanda ya yi aikin motar nan, bismillah, a zo a ɗora hannu."

Mai fenti ya sunkuyar da kai. Mai walda ya hau sosa ƙeya. Kowa na da baki a gida da zai ciyar, amma ƙafa ta ƙi ɗaguwa.

Inna Kushin ta ja tsaki, wanda har makirufo ya ɗauka. Ta juya ta bi ta ƙofar baya tana ɗingishi. A bayan sito ta fizge tamfol, ta saki birkin hannu, ta ɗaure gyalenta a ƙugu, ta kafa kafaɗa a bayan motar. Tsoro take ji, ba ƙarya, don ba ta san inda za ta nemi aiki da wannan shekarun ba. Ta yi nishi ta tura. Motar ta ɗan motsa ta dawo.

"Haba 'yar nan, kar ki ba ni kunya!"

Sai ta ga wani hannu mai tabon ƙuna ya sauka kusa da nata. Mai walda ne. Bayansa matan ɗinki, sai mai fenti, sai masu wayarin. Direban gwaji ya zura hannu ta taga ya kama sitiyari. Suka zagayo da ita cikin zaure, tayoyinta suka hau jar dardumar nan da ƙurarsu.

Manaja ya sha gabansu. "Yaya, kin gama aiki a nan."

"Na ji. Matsa, ka tare mana hanya."

Minista ya miƙe. "Wannan kuma fa, Hajiya?"

"Ita ce tamu, ranka ya daɗe. Waccan farar, a kira waɗanda suka yi ta su zo su tura abarsu."

Suka tura motar har ta fita ƙofa. Direba ya murɗa makulli, ta yi tari, ta kama. Minista ya daɗe yana kallon Manaja, sannan ya tako ya buɗe ƙofar hagu ya zauna. Ya ja ƙofar, ta ƙi.

"Buga da ƙarfi," in ji Inna Kushin. "Sau biyu. Za su gyara."

An ci gaba da ƙera 'Yar Gida, amma ba a mayar da Inna Kushin aiki ba. Masu kamfani ba sa yafe irin wannan. Auta ma ya daina zuwa gaishe ta, kuma abin yana ci mata rai. Yanzu a ƙofar gidanta take gyaran kujerun 'yan tasi. Amma da safe matan sashenta sukan wuce ta gabanta za su aiki, su ɗaga mata hannu. Su ne suke ba ta labari cewa farar motar tana nan a kusurwar zaure, tayoyi sun sace. Ba a tayar da mota a ciki, kuma har yau ba a sami wanda zai tura ta ba.