Tabon Auta

Ana cikin jera kujeru a zauren taro, masu aiki suka saki wani ƙaton hoto daga saman bango. Ya warware shuu, har ya kusa taɓa ƙasa. Mai ɗinki tana ɗauke da kujera biyu. Da ta ɗaga kai, sai ta ajiye su nan inda take.

'Yarta Auta ce. Ko kuwa wata ce mai kama da Auta.

Ita da hannunta ta ba da hoton. A ƙofar shagonta aka ɗauka, yarinyar tana dariya, riƙe da ƙyallen da take yi wa 'yartsanarta riga. Yanzu babu shago, babu ƙyalle. An sa mata kwalbar lemon kamfani a hannu, an ƙara mata haske, an cike mata giɓi. Tabon da ke saman girarta ta hagu, wanda ta samu ranar da ta faɗa kan ƙafar keken ɗinki, an goge shi tas.

Da daminar bara Auta ta rasu a asibitin unguwa. Numfashi ya sarƙe mata, na'urar iska kuwa ɗaya ce, wani yaro yana kai. Shi ya sa ƙungiyar matan unguwa ta shirya taron neman taimako, a sayi ta biyu. Shugabar ƙungiyar, yayar mijin mai ɗinki, ta cinye takalmi tsakanin ofis da ofis. Kowa sai ya ce za a duba. Kamfanin lemo kaɗai ya yarda, da sharaɗin sunansu ya hau komai, kuma yau a gaban jama'a za su sa hannu.

"Yaya," in ji mai ɗinki, "wannan ba 'yata ba ce."

Shugaba ta cire waya daga kunne. "Haba ƙanwata, mai hoto ne ya gyara. Aikinsu ke nan. Ni da ya gyara nawa, sai da maigidan ya tambaya ko ina da ƙanwa a ɓoye."

"Ba ta shan lemon nan. Cewa take yana hawa mata hanci."

Dariyar Shugaba ta ɗauke. Ta matso, ta yi ƙasa da murya. "Na sani. Ni ma goyona ce. Amma in aka sauke hoton nan, wallahi tafiya za su yi, kuma ba ni da sauran ƙofar da zan buga."

Suna tsaye manajan kamfanin ya shigo, turarensa ya riga shi isowa. Ya nufi mai ɗinki.

"Mama, Allah ya ƙara haƙuri. Kin ga aikin yaranmu? Ta fito kamar 'yar talabijin." Ya gyara biron da ke aljihun gabansa. "In kin hau magana, kada ki danne hawaye. Shi ke buɗe aljihun mutane."

Mai ɗinki ta sake duban hoton. Hannunta ya shiga jaka, ya sami almakashinta, wanda ba ta fita sai da shi. Tsanin masu aiki yana nan jingine. Yanka biyu ya isa ta raba 'yarta da kwalbar nan.

Sai ta hangi wata mata can baya tana goge kujeru, goye da yaro wanda ya wuce goyo. Ta gane ta. Uwar yaron da ke kan na'ura ce a ranar. Tun daga lokacin, in sun haɗu a hanya matar sai ta sunkuyar da kai, kamar ita ta ɗauke Auta. Ba wanda ya gayyace ta. Ta zo da tsummanta tun safe. Yaron ya yi tari a bayanta, ta tsaya cak tana saurare har ya lafa.

Mai ɗinki ta saki almakashin.

"Yallaɓai, ara mini biron nan."

Ya miƙa mata da murmushi. Ta tattare zani, ta hau tsanin a hankali, Shugaba tana ta "Ke! Za ki faɗo!" Da ta kai daidai fuskar, ta sa yatsa ta auna daga gira, yadda take auna wuyan riga. Ta ja ɗan layi mai lanƙwasa. Biron ya ƙi kama ledar hoton, ta maimaita, ta sake maimaitawa, har ya zauna.

"Mama!" in ji manaja. "Wannan fa aikin kamfani ne!"

Ta sauko, ta goge biron da gefen mayafinta, ta miƙa masa.

"Kwalbar taku ce, na bar muku. Ga abinka, kada a zo sa hannu a rasa."

Ta ɗauki kujerunta biyu, ta nufi layin baya, wajen matar mai goyo.